Ranar da Waya Ta Matsar da Gonar Baban Emeka

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku ukun nan. Tun da aka turo ku shagon nan daga makaranta wai ku koyi aikin safiyo, ban ga ɗayanku ya taɓa sarƙar awo ba, ban kuma ga wanda ya tambaye ni abin da ƙwaryar nan take yi a kife kan teburina ba. Jiya da kunnena na ji ɗayanku yana cewa awon ƙasa ya zama wasan yara, wai ka tsaya a kusurwar gona ka danna, tauraron ɗan'adam ya ba ka lamba, ka hau babur ka yi gaba. Ban tanka ba, don da na tanka a lokacin da ba mu rabu lafiya ba. Yau na ɗan huce, saboda haka ku ja benci ku zauna.

Ni Bala, wanda duk Funtuwa ake kira Bala Safiyo, na haura shekara arba'in ina jan sarƙa daga nan har Malumfashi, daga Bakori har Musawa. Wanda ya koya mini Baba Lamiɗi ne, Bayarabe Musulmi da ya zo arewa tun yana saurayi, ya yi aikin awo na gwamnati har ya gaji, ya zauna a nan garin. Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin hannu, kuma rular katako ba ta barin aljihunsa.

Ranar da aka kai ni wurinsa, ban ga na'ura ba, ban ga komai ba. Ƙwarya ya kife a gabana, ya miƙo mini fallen takarda.

"Lulluɓe ta," in ji shi. "Kada takarda ta tattare, kada ta yage."

Na ce a raina wannan ai aikin banza ne. Tun hantsi nake fama har aka yi kiran azahar. In na danna gefen nan, gefen can ya tashi. Na jiƙa takardar don ta yi laushi, ta yage a hannuna. Da ya dawo daga masallaci ya tarar da ni ina gumi, sai ya ɗauki ƙwaryar ya ajiye a ƙasa, ya taka ta da dunduniya, ta tarwatse.

"Wace sakaina ce ta fi kwanciya a ƙasa?"

"Ƙaramar, Baba."

"To, aikinmu ke nan. Share wurin."

Sai da na shekara a hannunsa kafin na gane abin da ya nuna mini. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ba yadda za ka ɗebo abin da ke kan dunƙulallen abu ka kwantar a takarda ba tare da ka ja wani wuri ko ka matse wani ba. Saboda haka duk taswirar da ka gani a duniya akwai ƙarya a cikinta. In ta faɗi gaskiya kan siffar ƙasa, ta yi ƙarya kan girmanta. In ta faɗi gaskiya kan girma, ta murɗe siffa. Taswirar duniya da aka rataya muku a bangon aji tun kuna firamare, wadda wani tsibirin ƙanƙara can sama ya kumbura har ya kusa kamo Afirka, ba haka Allah ya halicce shi ba, jan takarda ne. Aikin mai awo shi ne ya san irin ƙaryar da takardarsa take yi, ya san yawanta, ya san inda ta nufa.

Dabarar da masana suka yi ita ce dabarar dunduniyar Baba Lamiɗi. Suka tsaga duniya sakaina-sakaina, dogaye, daga arewa zuwa kudu, don kowace ta kusa kwanciya. Najeriya ta faɗa cikin guda uku, mu nan muna cikin ta tsakiya. Kowace sakaina da nata lissafin lamba. Ko a cikin sakaina ɗaya ma, tsawon da ka ja da sarƙa a ƙasa ba shi ne daidai tsawon da zai hau takarda ba, sai ka yi ɗan gyara. A wajenmu gyaran kaɗan ne, amma Baba bai taɓa yafe shi ba. Na sha rula a bayan hannu saboda abin da bai kai faɗin yatsa ba.

Akwai darasi na biyu, kuma shi ne wanda nake so ku buɗe kunne. Wata rana ya aike ni kasuwa na sayo ƙore biyu masu kusan girma ɗaya, sai dai ɗaya ta ɗan fi ƙiba. Ya sa na ja musu layuka da gawayi iri ɗaya, a tsaye da a kwance. Ya ce in ƙirga layi uku daga gindi da layi huɗu daga tabon da ya yi, in huda da allura, a kowace. Sannan ya kife ɗaya a kan ɗaya ya ce in leƙa. Hudojin ba su haɗu ba, alhali lambarsu ɗaya. Ya ce to haka abin yake: kafin ka shimfiɗa duniya a takarda, sai ka fara yanke shawarar wace ƙwarya ce duniyar, girmanta nawa, kuma ina ka kafe ta. Duk tsofaffin takardun ƙasar nan an auna su ne da ƙwaryar da aka kafe a wani wuri kusa da Minna, shi ya sa muke cewa ma'aunin Minna. Tauraron ɗan'adam da wayoyinku kuwa wata ƙwarya dabam suke amfani da ita. In ka ɗauki lambar Minna ka zuba wa waya ba tare da ka gaya mata ba, ba za ta yi gardama ba. Za ta kai ka wani wuri da fara'arta, kuma a yankin nan namu wurin yana kudu maso gabas da inda ya kamata, da tazarar da ta haura mita ɗari. Wannan da ke kan tebur ɗaya ce daga cikin ƙoren nan biyu.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Sarƙa, da tef na ƙarfe wanda yake ƙara tsawo in rana ta dake shi, sai ka rubuta zafin ranar ka cire. Kamfas. Sanduna masu ja da fari. Na'urar hange da muke kira mai ƙafa uku, wadda na goya a baya har kafaɗata ta yi kanta. Da littafin daji, wanda ba a rubuta shi sai da fensir, don tawada tana bin ruwa. Ga su can a akwati, littafi sittin da wani abu, ko ɗaya ban yar ba.

Baba yana da wata al'ada da sauran masu awo suke yi masa dariya a kai. Duk inda za mu kafa dutsen siminti na iyaka, sai mun fara haƙa rami kamu biyu, mu zuba gawayi da fasassun kwalabe, mu rufe, sannan dutsen ya hau kai. Ni ke yawon tsintar kwalabe a bayan otal-otal, ina jin kunya. Ya ce dutsen sama na mutane ne, na ƙasa namu ne, gara ba ta cin gawayi, kwalba ba ta ruɓewa. Ya san mutanenmu sarai. Ka kafa dutse yau, baɗi ka dawo ka tarar da shi a bakin rijiya ana wanki a kai, ko mai ƙosai ta mai da shi murhu, ko an ɗaure akuya. Mutum ya tumɓuke shaidar gonarsa da hannunsa, sannan in rigima ta tashi ya zo yana rantsuwa da kabarin kakansa. Wannan abu yana ƙona mini rai har gobe.

Masu kawo aiki kuma kala-kala ne. Akwai wani Alhaji a wajen Musawa da ya bi ni har ƙarshen gona yana raɗa mini, "Malam Bala, ɗan ja sarƙar nan ta taɓo kukar can mana, ai ba wanda zai sani." Na ce masa sarƙar ƙarfe ce, Alhaji, ba ta roba ba. Bai sake kirana ba, ni ma ban yi kewarsa ba.

Aikin da nake so in ba ku labari gona ce a wani ƙauye tsakanin Ɗanja da Tsiga, ba sai na kama suna ba. Wani Inyamuri mai sayar da taya a tashar Funtuwa, wanda kowa ke kira Baban Emeka, ya sayi gonar tudu a hannun mahaifin wani manomi, Malam Iro. Ni da Baba Lamiɗi muka auna ta ina da shekara ashirin da 'yan kai. Muka faro daga ƙusar ƙarfe da ke kafe a saman dutsen ƙauyen tun zamanin Turawa, muka gangaro tasha-tasha har gonar, muka binne gawayi da kwalba a kusurwa huɗu. Daga kudu maso gabas da gonar, ƙasa ta gangara ta zama fadama, kuma wannan ba a sayar ba. A nan Malam Iro, yana saurayi a lokacin, yake haƙa rijiya yana dasa mangwaro. Shi ya kawo mana fura a ranar. Shekaru suka wuce, ya dasa guda talatin da ɗaya, ya yi musu aure da hannunsa, har masu motoci daga Zariya suka san lambun. Da mangwaron nan ya ciyar da gidansa, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Takarda kuwa ba shi da ko ɗaya, gado ne, kuma bai taɓa tunanin zai buƙace ta ba.

Baban Emeka bai taɓa gina komai a gonar ba, aro yake bai wa mutanen ƙauye suna noma masara. Duwatsun iyaka huɗu duk suka bi hanyar da na gaya muku. Da ya rasu, ɗansa Emeka ya gaji takarda. Emeka haifaffen Funtuwa ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, yana harkar hatsi, kuma yana son gina sito kafin damina. Wata ranar Litinin a cikin bazara ya shigo nan, ya durƙusa ya gaishe ni, ya shimfiɗa filan ɗin gonar, wato takardar awonta, a kan teburin nan. Na gane rubutun Baba Lamiɗi tun daga nesa.

"Baba Bala, so nake a fito mini da iyakar gonar nan. Kwana nawa zai ɗauka?"

"Uku. Sai na hau dutse na faro daga ƙusa."

"Haba Baba, kwana uku? Akwai wani Nasiru da ya gama makaranta, ya ce awa ɗaya ta ishe shi. Lambobin kawai zan tura masa." Ya yi dariya, ba da mugunta ba. "Baba, zamani ya wuce hawan dutse."

Maganar nan ta soke ni. A gabana ya zaro waya ya ɗauki hoton jerin lambobin da ke tsakiyar takardar. Ina kallon yadda ya riƙe ta. Kusurwar ƙasa ta hagu, inda Baba ya rubuta ma'aunin da aka yi aikin da shi, ba ta shiga hoton ba. Na gani da idona. Kalma biyar ta isa in gyara komai, amma na ce a raina bari zamani ya koya masa. Na ce Allah ya ba da sa'a, ya ce amin, ya naɗe takardarsa ya fita.

Nasiru ba ɓarawo ba ne, ba kuma daƙiƙi ba. Irinku ne sak. An koya masa wannan abu a aji, ya haddace ya ci jarrabawa ya manta. Ya zuba lambobin a waya, waya ta ja shi, shi kuma ya ja Emeka da mai unguwa da 'yan kallo. Gonar gaba ɗaya ta tashi ta matsa kudu maso gabas ta hau kan lambun Malam Iro. Da ya yi magana, aka nuna masa ɗigo mai shuɗi a fuskar waya, aka ce tauraron ɗan'adam ba ya ƙarya, ba ya cin hanci, ba ya da dangi a ƙauye. Wasu suka fara cewa ashe dama Iro cin iyaka ya yi tun tuni. Mai unguwa kuwa, wanda ya san gaskiya kamar yunwar cikinsa, ya lura cewa in gona ta matsa kudu, to ta bar wani yanki a arewa, kuma gonar da ke arewa tasa ce. Abin nema ya samu. Ya gyara rawani ya ce ai ba a jayayya da ilimi.

Ran Alhamis da hantsi ɗan acaɓa ya sauke Malam Iro a ƙofar shagon nan. Ya tsufa, ya rame, hularsa a karkace. Ya zauna a bencin da kuke kai.

"Malam Bala, an shafa wa mangwarona jan fenti."

"Guda nawa?"

"Ashirin da bakwai. Har rijiya an kafa mata fegin iyaka. Kai ne ka auna wurin nan, kai da Bayaraben nan. Ka zo ka faɗa musu."

Tun kafin ya rufe baki na san abin da ya faru, har inda gonar ta nufa na sani. Amma maganar Emeka tana nan tana ci na. So nake ya zo da ƙafarsa, ya sake durƙusawa a nan, ya ce Baba na yi kuskure. Sai na ce wa tsohon nan, "Ka koma gida, Malam Iro, ba abin da zai faru. Ran Litinin ina zuwa. Wanda ya ce zamani ya wuce ni, bari ya ɗan kwana da zamaninsa."

"An ce katafila na zuwa fa."

"Katafilar ƙasar nan? In an ce gobe, ka ba ta wata guda."

Ya dube ni, ya ce to, Allah ya kai mu. Na ba shi ruwa ya sha, ya tafi. Na bar jaki na doki taiki, kuma a lokacin har daɗi nake ji.

Katafila ta zo ran Asabar da sassafe.

Ran Litinin da na sauka daga mota da mai ƙafa uku a kafaɗa, warin ɗanyen itace ne ya fara tarye ni tun daga bakin hanya. Bishiyoyi ashirin da bakwai a kwance, saiwoyinsu a sama, an ture su gefe guda an tara. Lokacin 'ya'ya ne, kowace a cike take, saura 'yan kwanaki a fara tsinka. Ɗanyen mangwaro ya cika ƙasa, awaki suna ci suna bari. Rijiyar da ya haƙa da hannunsa an cike ta da ƙasa an daddale. Guda huɗu ne suka tsira a can ƙarshe, inda layin wayar bai kai ba, kuma a gindin ɗayansu Malam Iro yake zaune. Na yi masa sallama ya amsa. Na wuce na hau dutse.

Ƙusar tana nan inda muka bar ta. Na buɗe littafin daji na shekarar, na kafa na'ura, na fara gangarowa tasha-tasha kamar yadda muka yi da Baba. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni. A rana ta biyu sai ga Nasiru. Ya ji labari a gari cewa tsohon nan yana kan dutse, ya zo ya ga abin dariya. Ya tsaya yana kallo har rana ta take, sannan ba tare da na ce masa komai ba ya karɓi sanda mai ja da fari daga hannun wani manomi da ke riƙe mini, don ya ga a karkace yake riƙe ta. Wannan kaɗai ya sa har yau nake amsa gaisuwarsa.

Ran Laraba da la'asar na aika aka kira Emeka da mai unguwa da duk wanda ya ga dama. Na tsaya a tsakiyar wani fili da ba komai sai kututturen masara, nesa da fegin Nasiru, na soka sanda, na ce a haƙa nan kamu biyu.

"Malam Bala, me za a samu a nan?" in ji mai unguwa. "Ai nan cikin gonata ne yanzu."

"Ranka ya daɗe, in ba a samu gawayi da kwalba ba, ka sa a ɗaure ni."

Aka kawo diga. Ƙasar bazara ce, tauri kamar siminti, sai da aka canza hannu sau biyu. Can sai bakin diga ya yi ƙara. Mai haƙa ya sa hannu ya ɗebo baƙar ƙasa, a cikinta ga gindin koriyar kwalba, irin wadda aka daina yi tun kafin a haifi Nasiru. Muka je kusurwa ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ta huɗu tana taku goma sha biyu kafin inda bishiyar farko ta Malam Iro take tsaye a da.

Na ce Emeka ya buɗe takardar ubansa, na ɗora yatsa a kusurwar hagu, na ce Nasiru ya karanta da ƙarfi. Ya karanta. Na ce to shiga cikin wayarka ka gaya mata lambobin nan na Minna ne. Ya danna sau uku ko huɗu. Ɗigon ya yi tsalle ya baro lambu, ya zo ya tsaya a bakin ramin da muke tsaye. Abin da ya raba Malam Iro da aikin shekara arba'in bai ɗauki lokacin da za ka kurɓi shayi ba.

Nasiru ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska. Mai unguwa ya kara waya a kunne wai ana kiransa, ya sulale. Emeka ya ɗora hannu biyu a ka, ya je ya zube gaban tsohon.

"Baba Iro, na shiga uku. Mangwaron nan na sha shi ina yaro, kai kake tsinko mini. Wallahi takarda na bi. Ka yafe mini, Baba."

"Tashi, ɗan nan," in ji Malam Iro. "Kai ba ka sani ba."

Ni kuwa ina tsaye ina huci, na buɗe baki na fara zazzaga wa Nasiru. Na ce masa jahili mai takarda wanda ko zancen ƙwarya biyu bai sani ba, na zayyana shi kowa ya ji, na ce irinsu ne za su rusa ƙasar nan da yatsa ɗaya, na faɗi abin da na faɗa da wanda bai kamata in faɗa ba. Mutane suna gyaɗa kai, ana cewa tsohon hannu dabam ne, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya fara kumbura. Sai Malam Iro ya taso a hankali, ya zo ya leƙa ramin, ya ɗauki gindin kwalbar ya jujjuya shi.

"Malam Bala, wannan abu na ƙwarya biyu da kake faɗa, tun yaushe ka san shi?"

"Tun ina yaro a hannun Baba Lamiɗi."

"Ran Alhamis da na zo shagonka, ka san shi?"

Duk wanda ke wurin ya juyo.

"Na sani."

"To," in ji shi. Ya saka kwalbar a aljihu, ya ɗauki fartanyarsa, ya nufi wajen bishiyoyinsa huɗu.

Emeka ya yi abin da ɗan halak zai yi. Ya sa aka sake haƙa rijiyar, ya kawo dashe daga Zariya, ya gina sitonsa a inda ya kamata. Nasiru yanzu ba ya karɓar hoton takarda daga kowa, sai an kawo masa ita ya juya ta gaba da baya. Mai unguwa yana nan da rawaninsa, ba abin da ya same shi, kuma wannan ma wani baƙin cikin ne da ban da yadda zan yi da shi.

Saboda haka in kun ji ina faɗa a kan wayoyin nan, ba ƙin zamani nake ba. Ni ma ina da ita, ina aiki da ita, ta rage mini hawan dutse. Haushin da nake ji shi ne na mutumin da zai riƙe abin da zai iya tashin gona ya ɗora a kan gonar wani, bai san wace ƙwarya ke ciki ba, kuma bai damu ya tambaya ba. Kallon kitse kuke wa rogo. Kafin ɗayanku ya danna lamba ɗaya da sunan shagon nan, sai ya karanta kusurwar takarda, sai ya nemo dutse ɗaya na gaske a ƙasa ya gwada wayarsa a kai. In kuma kuka ga wani zai yi kuskure, ko da ya zagi ubanku da safe, ku faɗa masa kafin azahar. Ku huce daga baya.

Duk ranar kasuwar Ɗanja ina bin hanyar nan. Daga tagar mota ana hango fadamar. Dashen sun kai ƙugu yanzu, kowanne an kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kuma da wuya in wuce ban ga Malam Iro a tsakaninsu ba, ya haura saba'in, yana jan guga yana bi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya san ba shi zai zauna a inuwarsu ba, ni ma na sani. Kullum sai na sa direba ya rage gudu, in fito da hannu in ɗaga masa. Shekara uku ke nan ina ɗagawa, bai taɓa ɗago kai ba.